Ɗaurin Ƙarshe Na Baba Ne

Litinin, 5 ga Mayu

Yau da safe na ga hannun Baba ya tsaya.

Injin jar motar Likita muke rufewa, tsohuwar motar tseren nan mai kujera biyu da rufinta bai wuce ƙuguna ba. Gaskit ɗinta, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, ruwa ya samu hanya ya shiga inda wuta take. Ni na kwance top, wato kan injin, ni na kankare fuskar bulok, wato gangar jikin, har ina ganin haƙorana a ciki, ni na shimfiɗa sabon gaskit, na zura notika na kama su kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe yadda ya koya mini. Saura ɗaurin ƙarshe. A garejinmu ɗaurin ƙarshe na Baba ne, tun ina ɗan wanke sifana a fetur haka na tarar. Ba ya taɓa sifana mai awo, irin mai yin ƙas in noti ya kai. Ya ce awonsa a gwiwar hannunsa yake. Kuma gaskiya ne, duk layin nan babu mai musu.

Na san jan Baba kamar yadda na san tarinsa. Kafaɗa ta sauka, jijiyar wuya ta tashi, noti ya yi ɗan kuka, sannan ya tsaya. Yau kafaɗa ta sauka, jijiya ta tashi, noti bai ce komai ba. Hannun ne ya tsaya, ba notin ba. Ƙananan yatsunsa biyu ma ba su rufe a kan sandar sifanar ba, suna waje kamar baƙin da ba a yi wa iso ba. Haka ya bi notikan duka. Ya miƙe, ya goge hannu a tsumma, ya ce in mayar da sauran kaya.

Na mayar. Ni kaɗai na gani.

Laraba, 7 ga Mayu

Likita ya zo ya ɗauki abarsa. Tsoho ne, ya daina duba marasa lafiya, motar nan ce majinyaciyarsa ta ƙarshe. Tun kafin a haife ni yake kawo ta wurin Baba. Sai da ya lanƙwashe kamar mai shiga akurki kafin ya zauna a ciki, ya taka ta ta yi gurnani, ya leƙo ya dafa damtsen Baba ya ce muddin hannun nan na motsi ba ya tsoron hanya. Ni kuma aka ce mini sannu yaro. Da gemuna fa.

Da yamma Yaya ya biyo. Ya ce maganar gurbin aikin nan na babban garejin tsofaffin motoci da ke bayan tasha tana nan. Shugaban wurin ya ce ba takarda yake so ba, da ma ba ni da ita, suna yake so. Zai sa a tambaya a layinmu, abin da aka faɗa a kaina shi ke nan. Na ce wa Yaya ai da sauƙi, ban taɓa ɓata wa kowa aiki ba.

Wurin akwai ramin shiga ƙarƙashin mota mai tayil, har da fanka. Sau ɗaya na leƙa, har yau ina ganinsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Motar ba ta dawo ba. Wataƙila idona ne.

Talata, 13 ga Mayu

Ta dawo a kan igiya, a-kori-kura na jan ta, Likita na zaune kusa da direba ya rungume hularsa. Ya ce yana cikin tafiya ya ga farin hayaƙi daga salansa ya rufe bayansa, allurar zafi ta hau ja. Na buɗe murfin mai. Baƙin mai ya koma kamar shayin da aka cika wa madara. Bakin lagireto duk kumfa.

Likita bai yi faɗa ba, ya dai tambayi Baba me ya faru. Baba ya juya ga injin. Ni ina kallon ƙeyarsa ina cewa a raina faɗi, ko rabi ne faɗi.

Ya ce, "Yaran yanzu gaggawa gare su, Likita. Bai kankare fuskar da kyau ba. Laifina ne da ban bi bayansa ba."

Laifina ne. Har da ɗaukar laifi irin na manya.

Dogo, bakaniken rumfar da ke jikin tamu, ya tsoma yatsa a man ya ɗaga sama, ya ce jama'a an samu sabon mai shayi a layi, kuma ba ya ƙwauron madara. Aka kwashe da dariya. Baffa mai walda, tsaran Baba ne, shi kaɗai bai yi ba, ya sauke gilashinsa ya ci gaba da feshin wuta.

Da na kwance, notikan tsakiya da hannu ɗaya na warware su, ko numfashi ban riƙe ba. Gaskit ya ƙone daidai inda ɗaurin bai danne ba. Fuskar bulok kuwa tas take, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Na kai wa Baba gaskit ɗin. Ya juya shi gaba da baya, ya ce zafi ne ke sassauta noti. Ya jefa a durom.

Alhamis, 15 ga Mayu

Sunana Madara yanzu. Har mai tura ruwa, wanda bai san bambancin gaskit da murfin tukunya ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na sami Inna a bayan ɗaki tana shanya. Na kewaya na kewaya, daga ƙarshe na ce mata ko ta lura hannun Baba na dama kamar ba daidai yake ba. Ta karkaɗe riga da ƙarfi har ruwan ya fesa mini a ido, ta ce tun yaushe na zama likita, ko zama da Likita ne ya shafe ni. Na ce sunana ake ɓatawa a waje. Ta ce suna irin na layin gareji ai kamar baƙin mai ne, sabulu na fitar da shi. Ta ce in miƙo mata abin maƙala shanya.

Uba uba ne, Auta. Da wannan ta rufe.

Wani abu kuma, ba shi da alaƙa da komai. Baba da bai taɓa maƙala maɓallin wuyan rigar aikinsa ba ko a sanyi, yanzu kullum a maƙale yake fita har maƙogwaro, kamar ɗan makaranta. Tsufa dai iri-iri ne.

Lahadi, 18 ga Mayu

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Dutsen dai yana kan wuta. Romon ne ban san wa ke sha ba.

Talata, 20 ga Mayu

Rufi na biyu. Top ya dawo daga wurin masu gogewa, don zafin ya ɗan lanƙwasa shi. Na wanke ramukan notika ɗaya bayan ɗaya, na busa su har suka bushe, don kada wani ya ce mai ya kwanta a ciki ya hana noti sauka. Na kira Baba ya shafa fuskar da kansa, a gaban Dogo, don a samu shaida. Ya shafa ya ce yau kam na yi aiki.

Da ya ɗauki sanda sai na yi ƙasa da murya na ce, Baba, ko in aro sifanar Dogo mai awo, a gwada kawai, tunda motar ta tsufa.

Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Ni za a aro wa ƙarfe ya faɗa mini abin da hannuna ya sani? Ina ɗaure top uwarka tana goye da yayanka. In ka gaji da garejin, ga hanya."

Na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri. Ya ja, na tsaya ina saurare. Noti biyu sun yi kuka, na gefen hagu inda ya samu ya jingina cinya. Sauran shiru. Gumi ya jiƙa masa wuyan rigar da ya ƙi buɗewa.

Da ma a ce wani na tsaye kusa da ni ya gani. Mutum ɗaya tak nake nema.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ta tafi. Da Likita zai fita Dogo ya ɗaga masa hannu ya ce a sha a hankali, da zafi.

Litinin, 26 ga Mayu

Ta dawo. Wannan karon ko igiya ba a nema ba, a ƙarshen layinmu ta tafasa, masu faci suka turo ta.

Likita ya ja Baba gefe, amma muryar tsoho mai nauyin kunne ba ta san gefe ba. Ya ce abotarsu ta fi ƙarfin mota, amma motar nan da ita ya ɗauko matarsa ranar da ta fara zuwa gidansa, ita ta tafi, motar ta rage. Ya ce sau ɗaya ya rage zai bari a buɗe ta a nan, kuma da sharaɗi: kada yaron nan ya sake taɓa ta, ko tsumma kada ya ɗora mata.

Baba ya ce an gama.

An gama. Ko ɗan jinkirin da ake yi wa baƙo bai yi mini ba.

Ba na jin haushin Likita. Abin da aka faɗa masa ya sani.

Laraba, 28 ga Mayu

Yaya ya zo, bai zauna ba. Shugaban garejin bayan tasha ya aiko an tambaya. Ɗan aiken ko rumfa biyu bai wuce ba aka ce masa wa, Madara? Shugaban ya ce wa Yaya wurinsu motocin mutane masu tsufa da tsada ake kawowa, ba wurin koyo ba ne, amma bai ba kowa gurbin ba tukuna, in wani babba a layin ya tsaya mini zai sake dubawa.

Na faɗa wa Yaya komai, tun daga ranar Litinin ɗin nan. Ya juya makullin babur a hannunsa. Ya ce ko da gaskiya ne, wa zan kai wa? In ce wa duniya hannun ubana ya mutu? Ranar da maganar ta fita, ranar garejin ya rufe, kuma ba garejin ne zai fara faɗuwa ba, Baba ne. Ya ce ni yaro ne, suna zai sake tsiro mini. Na Baba in ya karye ba ya tsirowa.

Kowa ya iya lissafin da ni ne ragowa.

Asabar, 31 ga Mayu

An mayar da ni kan birki da canjin mai na motocin haya. Daga ƙarƙashin wata tasi nake kallon Baba yana aikin jar motar shi kaɗai. Abin da nake gamawa kafin rana ta take, ya kwana biyu a kai. Ƙaramin noti ya faɗo masa cikin inji, ya tsaya yana kallon wurin. Ya waiga ko ana ganinsa, sannan ya sa hannun hagu ya lalubo.

Na ji daɗi. Na rubuta don gaskiya ce, na ji daɗi. Bai daɗe ba dai.

Talata, 3 ga Yuni

Ya rufe da hantsi, ya yi ɗaurinsa na ƙarshe. Ina kan taya ina saurare. Shiru kamar kullum.

Na yi tunani, in ta sake tafasa yanzu, kowa ya san ban taɓa ta ba. Sunana zai wanku ba tare da na buɗe baki ba. Abin da kawai zan yi shi ne in zauna. Kuma zama na iya.

To ban zauna ba. Kada a tambaye ni dalili. Da ya tafi gida cin abincin rana na shiga rumfar Dogo na ce ya ara mini sifanarsa mai awo, wata tasi zan ɗaure. Na shirya jin maganar shayi. Bai yi ba. Ya ɗauko ta daga akwati, ya murɗa awon da kansa ya saita, ya miƙo mini yana kallon wani wuri. Awon da ya saita ba na tasi ba ne. Ban tsaya tunanin wannan ba, sauri nake.

Na buɗe murfin sama, na bi su daga tsakiya zuwa gefe, giciye. Kowanne sai da ya tafi sosai kafin ya ce ƙas. Na mayar da komai yadda na samu, har tsumman da ya bari a kan fanka na mayar da shi a karkace.

In ta zauna lafiya za a ce ga shi nan, da aka cire hannun Madara ta warke. Da hannuna na sa wa kaina hatimi. Wawa.

Laraba, 4 ga Yuni

Dole in rubuta wannan.

Na fito da sassafe don in mayar wa Dogo sifanarsa kafin mutane su zo. Na tarar ƙofar gareji a buɗe. Baba na ciki, bonet a ɗage, murfin sama a cire. Ya zura dogon bututun ƙarfe a kan sandar sifana, irin wanda muke kwance tayar babbar mota da shi. Bututun da ya taɓa marina a kansa, ya ce wanda ya ɗaure top da bututu makaho ne, don ƙarfi yake ba ka ya ƙwace maka ji.

Ashe ya sani. Ya san hannun ba ya kaiwa, ya zo a ɓoye ya cike abin da ya rage. Bai san na riga na cike ba.

Na ce Baba, tsaya. Kafin in rufe baki ya kwanta a kan bututun. Na ji ƙara ƙarama, ba kukan noti ba, kamar an taka busasshen kara. Sai bututun ya tafi fuu babu nauyi, Baba ya yi gaba har ƙirjinsa ya bugi mota.

Ya zaro notin. Haƙoran ramin bulok, na alminiyam, sun biyo shi, sun nannaɗe a jikinsa kamar zaren azurfa. Ramin ya cinye.

Ya sa sifana a na kusa da shi, ya taɓa da hannun hagu, ya ji a ɗaure tam. Sannan ya ga abin da ke hannuna.

"Kai ka ɗaure."

Na ce ni ne.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar farko.

Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya zauna, ko ya ce wani abu da zan riƙe. Ya zare bututun ya jingina a bango inda yake zama, ya goge hannu yatsa bayan yatsa.

Da hantsi Likita ya zo da murnarsa zai ɗauki mota. Baba ya nuna masa notin da zaren azurfarsa, ya ce yaron ya taɓa ta a bayan idonsa, ɗauri ya yi yawa.

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Wannan karon ko a zuciyata ba ni da inda zan tsaya in ce ƙarya ne.

Likita ya dube ni, ya kawar da kai. Gara ya zage ni.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ban je gareji ba. Inna ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa kamar mai jinya. Na haɗa sifanuna a buhu, waɗanda na saya da kaina, ba su da yawa. Na zauna a kan buhun har yamma.

Asabar, 7 ga Yuni

Buhun na nan. Ni ma.

Litinin, 9 ga Yuni

Na koma, saboda mai tasi ɗaya ya bar mini birki a kwance, ba shi ya yi mini laifi ba.

Jar motar na nan. Na ɗauka Likita ya kwashe ta. An ce Baffa mai walda ne ya bi shi har gida ya ce ya bari, akwai mai injin tona ƙarfe da zai faɗaɗa ramin ya dasa sababbin haƙora na ƙarfe, sun fi na asali ma ƙarfi. Shi ya ɗauki bulok ɗin ya kai, shi ya dawo da shi. Ban san me ya shigar da shi ba.

Ni da Baba sai ina kwana, sai lafiya. Yana cewa miƙo sha biyu, in miƙa. Dogo ya daina kiran Madara, amma yaransa ba su samu labari ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ya buga mini ƙofa gari bai gama wayewa ba, ya ce taso. Muka tafi yana gaba ina baya. A gareji ya kunna fitila, ya janye ƙofa ya bar ta rabi. Top na zaune a kan sabon gaskit, notika sababbi a zure, ya kama su duka. Saura na ƙarshe.

Ya miƙo mini sanda. Ban karɓa da wuri ba, ya ce hannuna ne ya mutu ko kunnena.

Na kama. Sai ya ɗora hannunsa na dama a kan ƙarfen, kusa da kan noti, tafin kawai, yatsun nan biyu a waje.

"Ja a hankali, kada ka fizga. In na ce nan, ka tsaya."

Na ja. Noti ya fara kuka. Ya rufe ido. Ina jin nauyin na hawa ta kafaɗata, na ce a raina ya kai, bai ce komai ba, na ƙara kamar faɗin farce, ya ce nan. Muka koma na gaba, giciye, daga tsakiya zuwa gefe. Nan. Nan. A na bakwai ko na takwas ya ce na cika riƙe numfashi, in sake shi yana fita tare da jan, shi ya sa nake gajiya. Tun da nake bai taɓa faɗa mini wannan ba.

Da muka gama ya fita wanke hannu. Sifanar Dogo na cikin buhuna har yanzu, na kasa mayarwa. Na ɗauko na bi bayansa da sauri, don in kama shi ko sau ɗaya. Kowane noti, ina ɗorawa, ƙas. Babu wanda ya motsa, babu wanda ya wuce.

Awon na nan a inda ya ce yake. Ƙarfin ne kawai ya tafi.

Bai ce yi haƙuri ba. Bai ce komai ba a kan Likita, ko a kan sunan, ko gurbin bayan tasha da na tabbata Yaya ya faɗa masa. Ya dawo ya ce in share wurin kafin mutane su zo.

Na share.

Asabar, 14 ga Yuni

Mun tashe ta, ta yi zafi ta huce. Mai baƙi ƙirin, ruwa tas. Likita ya ɗauka, zai dawo da ita Talata a sake bin ɗaurin, don irin waɗannan tsofaffin sai gaskit ya kwanta sannan a ƙara masa.

A layi ana cewa ka gani, da maigida ya yi da kansa. Na ce haka ne.

Talata, 17 ga Yuni

Likita ya kawo ta tun da safe, muka bar ta ta huce. Ya ja kujera ya zauna a gaban injin, ya ce yau da idonsa zai ga ɗaurin. Mutanen layi ma suka taru, kowa na son ganin ƙarshen jar mota.

Baba ya ɗauki sanda ya tsaya. Ya ce wa Likita yaron zai riƙe masa ƙarshen sandar kawai don kada ta zame. Likita ya ɓata fuska, ya ce riƙewa kawai.

Da na saki hannu a lokacin, ko na ja a fili yadda kowa zai ga kafaɗar wa ke aiki, shi ke nan. Ga Likita, ga layi duka. Shaidun da na yi ta nema.

Na koma ta gefen da bayana zai tare kujerar Likita. Rana ce ke dukan idona ta ɗaya gefen, ba wani abu ba. Na matse gwiwar hannuna a ciki, na ja da ƙugu, na sake fuskata kamar mai jin barci. Baba ya sauke kafaɗa, ya tayar da jijiyar wuya. Maimakon nan, sai ya yi ɗan tari in noti ya kai. Ban san yaushe muka shirya wannan ba.

Likita ya tashi ya dafa damtsen Baba ya ce ai ya faɗa, hannun nan. Ya dube ni ya ce in dinga kallo ina koyo. Na ce to.

Da aka watse na je wanke hannu a famfon bayan rumfuna. Baffa mai walda ya zo ya tsaya kusa da ni yana wanke gilashinsa da ba ya buƙatar wanki. Ya ce shugaban garejin bayan tasha tare suka yi koyo, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Amma mutumin ba ya karɓar rabin magana, zai tambayi to wa ya ƙona gaskit har sau biyu, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya ce in na ce ya je, yau zai je.

Na ce ya aka yi ya san ba ni ba ne.

Ya ce rumfarsa na kallon tamu, kuma gilashin walda daga waje ne kawai yake da duhu.

Na daɗe ina cuɗa sabulu. Na so in tambaye shi ina bakinsa yake ranar da aka raɗa mini suna. Ban tambaya ba, na san amsar, irin ta Yaya ce. Na ce masa ya bari tukuna. Ya ce tukuna har yaushe. Na ce wurin ma an ce fankar ba ta aiki.

Sabulun bai fitar da man ba. Inna ta yi kuskure a nan.

Gobe akwai wata tsohuwar farar mota da za a buɗe wa top. Na ce wa Baba mu fito da wuri, kafin rana. Don zafi.

A farkon rubutun nan na ce ni kaɗai na gani. A gyara. Baffa mai walda ya gani, tun ranar Litinin ɗin. Dogo ya gani, shi ya sa ya san awon da zai saita. Sai Inna, wadda yanzu ita ke maƙala masa maɓallan riga kowace safiya har wuya, yadda take yi mana muna yara.